Tabarau a Fuskata, Kawu Iro a Gefena

Ku da kuke cika mini bencin ƙofar shago kowace yamma kuna cewa wai tuƙa ɗan jirgin nan ɗaya yake da wasan mota na cikin waya, ku gyara zama. Ni Sale Mai Hoto tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu nake ɗaukar hoto a Makarfi, kuma ban taɓa riƙe na'urar da ta kunyata ni kamar wannan ba. Ranar da na fara ɗaura tabaran a fuskata a kan benci nake zaune. Jirgin ya karkata hagu, ni ma na karkata hagu. Shi ya miƙe, ni ban miƙe ba. A ƙasa aka tsince ni, hula can, takalmi can.

Ga wanda bai taɓa gani ba, jirgin bai fi faifai faɗi ba. Farfela huɗu gare shi, da ɗan idon kyamara a goshi. Abin da idon nan ya gani shi ake turo maka cikin tabaran da ka ɗaure a fuska. Kai kana ƙasa da rimot a hannu, ganinka yana can sama. Daɗin abin ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Gaban jirgin kawai kake gani. Ba ka ganin bayansa, ba ka ganin gefensa, ba ka ma sanin akuya tana cin bakin rigarka.

Wanda ya koya mini tuƙin, sunansa Oga Bulus, mai awon filaye ne a Zariya, mutumin kudancin Kaduna. Sa'an ɗana na fari ne. Na je masa da furfurata na ce ina son koyo, saboda wayoyin hannu sun kwashe mana aikin hoto, kowa ya zama mai hoto har da masu sayar da rake. Ya dube ni ya ce, "Baba, wata uku ba za ka taɓa jirgi ba. Ka yarda?" Na ce na yarda. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta ina tuƙa jirgin ƙarya, ina faɗuwa cikin bishiyoyin ƙarya. In za a fita aiki ni ke ɗaukar jakar batir. Yana aike na kamar yaro, amma da ladabi: "Baba, don Allah a taimaka a miƙo sukudireba." Na koyi haɗa waya da dalma a hannunsa, na ƙona yatsuna duka biyar kafin dalma ta fara jin maganata.

Shi ya cusa mini doka a ka kafin ya ba ni rimot. Sai da takardar izini daga hukumar da ke kula da jiragen sama, sai jami'an tsaro sun tantance ka. Ba a tashi kusa da filin jirgi ko bariki. Ba a bi ta saman taron jama'a. Ba a haura tsayin da aka ƙayyade. Na ƙarshe shi ya fi nanatawa: in tabarau na fuskarka, dole a samu wani mutum a gefenka da idonsa na Allah yake kan jirgin tun daga tashi har sauka. In ya ce sauka, ka sauka, ko da kana ganin aljanna a gabanka.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Farfela tana karyewa kamar tsinke, kuma in tana juyawa tana yanka kamar aska, don haka ba na gyara jirgi sai na cire su. Eriya in ta kwance hoto ya fara yayyafi. Batir kuwa shi ne mai zuciya. Ba ya son rana, ba ya son a ƙure shi, in ya kumbura to ya fara shirin kama wuta. A tukunyar ƙasa nake ajiye nawa, da yashi a gindinta. Uwargidana ta taɓa ɗaga murfin tana neman daddawa, tun daga ranar ta ce in kwashe kayan tsafina in kai shago.

Da na dawo Makarfi da takarduna da jirgina, sai neman mai yi mini ido. Na gwada mutum biyu, duk da jirgi ya tashi sai su ciro waya suna ɗaukarsa. Nan na tuna da Kawu Iro, ƙanin mahaifiyata. Tsohon maharbi ne, ya ajiye bindiga da daɗewa, amma yana iya gane zabuwa a cikin ciyawa daga inda ni nake ganin dutse. Na same shi yana tufkar igiya, muka gaisa, na faɗa masa buƙatata.

Ya ce, "Wato kai za ka rufe ido, ni in tsaya ina kallon sama?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

"In na ce ka sauka za ka sauka?"

"Doka ce."

Ya ajiye igiyar. "Tun kana yaro nake ce maka sauka daga kan mangwaro ba ka ji. Ashe sai gwamnati ta sa baki. Muje."

Aikinmu na farko tare a Kudan ne, gonar raken wata Hajiya da take yin mazarƙwaila. Raken ya fi mutum tsayi, tana so ta san inda ruwa yake kwanciya da inda bai kai ba. Na tashi lafiya. Ina cikin shawagi sai Kawu ya ce, "Yi gabas." To shi Kawu bai san hagu da dama ba, gabas da yamma ya sani, ko ƙuda ne a kumatunka cewa zai yi yana kumatun arewa. Ni kuma cikin tabarau ban san ina gabas take ba. Na ce, "Kawu, hagu ko dama?" Ya ce, "Gabas dai, Sale, inda kake fuskanta in za ka yi salla." Kafin mu gama wannan muhawara shaho ya sauko daga bayan jirgin ya kai masa mangara. Ni abin da na gani kawai shi ne sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama, sai ganyen rake. Awa biyu muka yi muna neman jirgin, ƙaiƙayi ya gama da mu. Daga ranar muka yi yarjejeniya: zai tsaya a bayana, in yana so in yi dama ya dafa kafaɗar dama, in hagu ya dafa ta hagu, in sauka ce ya cire mini hula. Har yau haka muke aiki.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Manoma suna so a duba masu masara ko tumatir, masu gini suna son hoton rufi, masu biki suna son a ɗauko motocin amarya a kan hanya. Akwai kuma masu zuwa su rage murya. Wani ya taɓa cewa in ɗan leƙa masa gidan maƙwabcinsa ya ga ko da gaske ne ya sayi injin niƙa. Na ce masa ya je ya yi sallama, ai ya fi sauri. A ƙasarmu ɗaki ne kawai yake da rufi, tsakar gida a buɗe take, can mata suke daka, can ake shanya, can ake wanka a bayan zana. Katangar da magidanci ya gina ya gina ta ne don mai tafiya a ƙasa. Bai san za a yi zamanin da Sale zai zo ta sama ba.

Duk da na san wannan, ni ne na jawo wa kaina shekarar da ta fi kowace muni. Kawu ya tafi Zariya a cire masa yanar ido, aka ce sai ya yi makonni bai kalli rana ba. Sai ga aikin biki a wani ƙauye ta wajen Ikara. Na ce wa kaina ai na ƙware, ɗan minti biyar ne, zan ɗauko jerin motoci daga bakin gari in sauka. Na zauna gindin wata kuka, na ɗaura tabarau, na tashi ni kaɗai.

Lokacin kuwa hankalin mutane ba a kwance yake ba. Ana ta raɗe-raɗin cewa masu satar mutane suna turo irin wannan jirgi su leƙa gari kafin su shigo. Ni ban yi wa kowa sallama ba, ban je wajen dagaci ba. Motocin suka sha kwana, na bi su, kukar ta shiga tsakanina da jirgin, hoto ya fara yayyafi. Na ja baya a ruɗe, na ratsa ta saman wani gida, na ji hoton ya ɗauke gaba ɗaya. Na zauna ina murɗa rimot cikin duhu, ina cewa, "Dawo mana, ɗan albarka."

Da na cire tabaran, mutane sun kewaye ni. 'Yan banga ne da gorori, da manoma da fartanya, kowa yana kallona. Ban san tun yaushe suke tsaye ba. Wani dattijo ya ce, "Da wa kake magana?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai, "Sannunku da aiki." Da ba don wani mai shayi ya gane ni ba, ya ce wannan ai mai hoton Makarfi ne, shi ya yi masa fasfo, da ban san yadda ranar za ta ƙare ba.

Aka kai ni ƙofar dagaci. Can na tarar da mai gidan da jirgin ya faɗa, wani Malam Tanko, riƙe da jirgin ta ƙafa ɗaya kamar mushen kaza. Ya faɗa cikin barkonon da matarsa ta shanya, tazarar taku biyu daga inda take zaune. Malam Tanko yana ta faɗa. Ya ce shi tun asuba yana gona yana fama, an bar iyalinsa su kaɗai, wani ƙato ya zo ta sama yana leƙen su. Ya ce sai an nuna wa dagaci abin da na ɗauka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a nuna. Ni ma ban san abin da ke ciki ba."

Aka sa katin a waya, dagaci da liman da Malam Tanko suka haɗa kai. Ga motoci, ga kuka, ga katanga. Sai ga tsakar gida. Matar ba ta ma fito a hoton ba. Wanda ya fito shi ne Malam Tanko, kwance rigingine a kan tabarma gindin dalbejiya, baki buɗe, kwanon fura a kan cikinsa yana hawa yana sauka. Liman ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Malam Tanko ya ce wai ya dawo ɗaukar dutsen wasa fartanya ne.

Na ɗauka na tsira. Dagaci bai yi dariya ba. Ya miƙo mini wayar ya ce in goge a gabansa, na goge. Sannan ya ce, "Malam Sale, ƙaryar da ya yi tsakaninsa da Allah ne. Amma mutum yana da ikon ya yi barci a gidansa ba tare da liman ya gani ba. Kuma da abin nan ya matsa taku biyu, da fuskar matarsa muke magana a kai, ba barkono ba."

Aka miƙa ni ga 'yan sanda a Ikara. Na fito da takarduna ina taƙama. Jami'in ya karanta a nutse, ya sa yatsa a kan layi ɗaya ya ce, "Ina mai duba maka jirgin?" Na ce yana asibiti. Ya ce to jirgin ma zai kwanta. Aka riƙe shi, aka dakatar da izinina. Shekara guda na yi ina fasfo da hoton 'yan makaranta, ina zirga-zirgar ofis. Damina ta zo ta wuce, manoman da na saba yi wa aiki suna wucewa ta ƙofar shago suna tambayata ko tsuntsun ya warke. Oga Bulus da ya ji bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Baba, ka dawo mu sake wata ukun nan." Na koma na sake. Kawu kuwa da ya warware ya zo shago da sabon gilashi, ya zauna, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Makonni uku kawai na rufe ido."

Aikin da na fi tunawa bayan an mayar mini da izini a Saulawa ne, ƙarshen damina, dawa ta rufe ko'ina. Wani manomi, Malam Habu, ya wayi gari ɗaya daga cikin shanunsa biyu na huɗa ya ɓata. Shanun nan su ne duk abin da ya mallaka. Akwai rugar Fulani a hayin rafi, kuma kafin hantsi zargi ya riga ya koma can. Samari sun fara taruwa da sanduna. Mai unguwa ya kira ni a waya ya ce in zo da abin nan nawa da sauri, ya roƙi samarin su ba shi zuwa la'asar.

Wannan karon sai da na gaisa da kowa. Na nuna wa mai unguwa takarda, na ce a aika a gaya wa Ardo, shugaban rugar, cewa za a ga abu a sama, kuma ba zan bi ta kan bukkokinsu ba. Ardo bai aiko da amsa ba, da kansa ya zo, dogon tsoho da sanda a kafaɗa. Ya tsaya gefe guda shi kaɗai, samarin suna ɗaya gefen.

Batir huɗu gare ni, kowanne 'yan mintuna ne. Na farko ya ƙare a kan dawa. Na biyu ma dawa. A na uku na hango wani abu fari a gindin wata ɗorawa, na nufe shi. Sai na ji an cire mini hula. Na ce, "Kawu, na ga wani abu." Ya ce, "Sauka." Samarin suka fara gunaguni, wani ya ce tsohon nan da Fulani yake. Na juyo da jirgin na sauke. Da na cire tabarau Kawu ya nuna mini da haɓa. Wayar wutar lantarki ce ta ratsa gaban ɗorawar, siririya, a tabarau ba ta fito ba ko kaɗan. Aka tura mai babur ya duba farin abin, ya dawo ya ce buhun taki ne.

Saura batir ɗaya, rana ta karkata. Malam Habu ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Kawu ya ɗaga gilashinsa yana duban nesa. Can ya ce, "Sale, ka ga balbelun can?" Ban ga komai ba. Ya ce, "Guda uku ne, suna tashi suna komawa wuri ɗaya, kuma babu garke a wajen. Balbela ba ta zaman banza." Ardo ya matso ya duba inda Kawu yake kallo, ya ce akwai tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini a wajen, ciyawa ta rufe shi.

Na ɗaura tabarau. Kawu ya dafa kafaɗar dama, na yi dama. Ya ƙara dannawa, na ƙara. Ya saki, na miƙe. Dawa, dawa, ciyawa, sai ga bakin rami, ga ƙaho biyu, ga balbela zaune a kan tozo. San ya nutse a taɓo har ƙirji, igiyarsa tana jan turken da ya tumɓuke. Ya ɗaga kai ya kalli jirgin yana tuƙa. Na ce, "Yana nan, da ransa."

Samarin da suka zo da sanduna suka ruga, amma da suka isa bakin ramin babu wanda ya san ta inda zai fara. Ardo ne ya kira 'ya'yansa, suka zo da igiyoyi da bijimai biyu, suka shiga taɓon har wuya suka ɗaura wa san igiya ta ƙarƙashin ƙirji. Kafin magariba ya fito, yana tangaɗi. Malam Habu ya je gaban Ardo ya durƙusa. Ardo ya ce masa ya ba san ruwan kanwa, kuma ya canja turke.

Washegari na koma ɗauko jakata da na bari gidan mai unguwa, na taho da batir cike. Ardo yana nan zaune. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, sannan ya kalli jakar. Ya ce, "Abin nan, wanda ba shi yake tuƙi ba zai iya gani?" Ina da tabarau na biyu na masu kallo. Muka fita bakin rafi inda garkensa yake kiwo, na zaunar da shi a ƙasa don kada abin da ya same ni ya same shi, na ɗaura masa. Kawu ya tsaya a bayana. Na tashi sama sosai don kada ƙarar ta firgita shanun.

Daga can sama ni ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigo, fari da ja, kamar an watsa wake a kan tabarma. Sai na ji Ardo ya fara magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Tun da yake bai taɓa ganin bayan saniyarsa daga sama ba, amma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya kai kan wata ya tsaya. Ya sake kiran sunan.

Ya cire tabaran ya miƙa wa Kawu, ya ɗauki sandarsa ya ce, "Jar can ta bakin ruwa tana ɗingishi." Ya gangara rafi bai ko yi mana sallama ba. Na ƙura ido a kan ɗigon da yake nufi har batir ya fara kuka, ban ga komai ba. Da muka sauka muka bi shi, mun tarar da shi durƙushe, ƙafar saniyar a kan cinyarsa, yana zaro mata ƙaya daga kofato.